Tafkunan Denver: Granby ce sarauniya

Duk wanda ya ce maka Denver garin duwatsu ne da dusar ƙanƙara kawai, to bai taɓa ɗaura kwalekwale a bayan mota ya nufi yamma ba. Birnin yana zaune ne a mita 1,609 sama da teku, ya ɗara Jos tudu nesa ba kusa ba, ga iska busasshiya mai tsattsage leɓe. Teku kuwa sai a taswira. Amma ga mai son jin rurin inji a kan ruwa da fatsa a hannu, wallahi samun wurin da ya kai wannan yanki na jihar Kolorado sai an tona.

Cikin tafkunan kusa da gari akwai guda biyu: Cherry Creek a kudu maso gabas, da Chatfield a kudu. Dukansu madatsun ruwa ne da injiniyoyin sojan Amurka suka gina don tare ambaliya. An gama ta farko a 1950, ta biyun kuma ta biyo bayan ɓarnar da kogin South Platte ya yi wa birnin a watan Yuni na 1965. Akwai kifin walleye a cikinsu, mai farin nama da ɗan karen daɗi, har ma'aikatan gandun daji kan zo Cherry Creek wajen watan Maris su ɗebi ƙwansa su kai wuraren ƙyanƙyasa. Na yaba musu, kuma in an tashi daga aiki da la'asar sun wadatar. Sai dai ranar Asabar ta bazara cika suke yi maƙil kamar ranar kasuwa, masu babur ɗin ruwa na kai da komo, kifin ma ya tsorata ya yi ƙasa. Ku wuce su, jama'a. Abin yana sama.

Ka hau babbar hanyar I-70, ka ratsa ramin Eisenhower da aka huda a cikin dutse a tsayin kusan mita 3,400, kana gangarowa sai ga tafkin Dillon shimfiɗe a gabanka, shuɗi shar, tsaunuka sun kewaye shi. Tubarkalla! A 1963 aka kammala madatsarsa, sai da aka tashi garin Dillon kacokan aka sake masa mazauni. Ruwan shan mutanen Denver ne, ana tura shi ta wani rami mai tsawon kilomita 37 a ƙarƙashin duwatsu, shi ya sa dokokinsa suke da tsauri: kwalekwale mai inji ya shiga, amma ba iyo, ba babur ɗin ruwa. Wasu na ƙorafi a kan haka. Ni kam ina sa wa wanda ya kafa dokar albarka, don ita ce ta bar wa tafkin natsuwarsa.

To amma sarauniyar ita ce Granby. Tafiyar kamar awa biyu ce daga Denver, ta hanya mai lamba 40, a haye mashigar Berthoud mai kwana-kwana, inda mota mai jan kwalekwale take nishi har ka tausaya mata. Kana sauka ka tarar da tafkuna uku a jere: Granby, da Shadow Mountain, da Grand Lake. Na ƙarshen ba hannun mutum ya yi shi ba, ƙanƙarar zamanin da ce ta ƙwaƙule shi, kuma a duk jihar babu tafkin Allah-da-ikonsa da ya kai shi girma. A bakinsa akwai ɗan gari mai dakalin katako a gaban shaguna, ga ƙungiyar masu jiragen ruwa da aka kafa tun 1902. Wata siririyar mashiga ta haɗa shi da Shadow Mountain, ka rage wuta ka sulale ta ƙarƙashin gada, sai ga ka a wani tafkin daban, da tsibirai da sheƙunan shaho mai cin kifi a kan bishiyoyi.

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ruwan nan hawa tudu yake yi. Manyan famfuna ke ɗaga shi daga Granby zuwa Shadow Mountain, ya bi ta Grand Lake, ya faɗa ramin Adams mai tsawon kilomita 21, ya ɓulla a gabashin tsaunukan ya shayar da gonaki da garuruwa. Kana zaune kana jiran kifi, ashe a kan hanyar ruwan masarar wani manomi kake.

Granby ita kanta faɗi gare ta, gaɓarta ta haura kilomita 60, lungu-lungu, kowa ya samu nasa. Fita ake yi bayan sallar asuba, lokacin da ruwan yake kwance lumui, hazo na tashi daga kansa, sanyi na cizon yatsu ko da a watan Yuli ne. Kifin da ake wa wannan sammako shi ne mackinaw, babban cikin dangin trout, mazaunin ƙasan ruwa mai sanyi. Ba a kama shi da gaggawa. Ka kashe inji, ka saki ƙugiya mai nauyi ta yi ta tafiya har ta taɓa ƙasa, ka dinga ɗaga sandar kaɗan-kaɗan kana saki. Cizonsa ba fizga ba ne, wani ɗan nauyi ne kawai za ka ji a zare, sai ka ɗaga da ƙarfi, sandar ta lanƙwashe, gabanka ya faɗi. Daga nan kokawa ce, kana naɗewa yana warwarewa, har ka hango shi yana tasowa daga duhun ruwa, toka-toka da ɗigo-ɗigon fari a jikinsa. Kai, jama'a! Manyan akan ɗauki hotonsu a mayar da su, don shekaru masu yawa suke ɗauka kafin su kai haka. Ƙananan su ne na kasko, kuma da ɗan yaji da lemon tsami sai kunne ya motsa. Akwai kuma kokanee, wani kifin salmon da bai san teku ba, wanda jikinsa ke rinewa ja wur in kaka ta yi.

Kada ka yi mamaki in injinka ya yi sanyin jiki. Iskar can sama ba ta da kauri, inji kan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300, ke nan a tsayin mita 2,500 kusan rubu'insa ya tafi. Masu kwalekwalen yankin farfela suke canjawa. Wanda ba shi da nasa kuma, ana bayar da hayar masu faɗi irin na iyali, da rumfa da kujeru, tuƙinsu ba wuya.

Kafin ka shiga ruwa sai an duba maka kwalekwale, kuma a nan ba sani ba sabo. Wasu ƙananan halittu masu ɓawo ake farauta, dangin dodon-koɗi, waɗanda ke maƙale wa jikin jirgi su yaɗu su toshe bututun madatsu. Ma'aikaci zai tsuguna ya shafa ƙasan kwalekwalen da hannu, ya leƙa ko'ina, in ya yi shakka a wanke da ruwan zafi. In ka fito a ɗaura maka hatimi a ba ka takarda. Ka zo da shi a wanke, a tsiyaye, a bushe, minti kaɗan ka wuce. Duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisin kamun kifi, ana yankarsa ta intanet ko a shagunan kayan kamun kifi, yara 'yan ƙasa da 13 kuma dole su kasance cikin rigar kariya.

Hadari ne kaɗai ba a wasa da shi. A bazara, da azahar ta gota sai ka ga gajimare ya taru a kan tsaunuka, kafin ka naɗe zare iska ta taso, tsawa ta biyo baya. Da ka ga ya fara duhu, juya kan kwalekwale gaɓa. In ka kai ido gaɓa kuma, gobarar dajin da ta tashi a Oktoban 2020 ta bar tabo a tuddan da ke kusa da Grand Lake, har yanzu ana ganin ƙonannun itatuwa tsaye, ciyawa da furanni na fitowa a gindinsu.

Hunturu na shigowa a janye jirage duka, ruwan ya daskare. Masuntan Granby ba sa ajiye fatsa: su taka kan ƙanƙarar da ƙafa, su huda rami, su kafa ɗan tanti, a watan Janairu har gasa suke yi a kan tafkunan uku.