Idon Mai Zaɓen 'Yan Ƙwallo

Da zarar kakar wasa ta ƙare, musu yakan ɓarke a majalisun samari daga Kiyako zuwa Birnin Kudu har Gwaram: me ƙungiya ta rasa, wa ya kamata a kawo? Ko Kano Pillars ake magana, ko Jigawa Golden Stars, ko 'yar ƙungiyar gari mai atisaye a filin firamare, amsar mafi yawa ɗaya ce: a nemo lamba tara, wato ɗan gaba mai zura ƙwallo. Teburin mai shayi ba ya rasa gwanaye. Daga zaune mutum zai sallami 'yan wasa huɗu ya ɗauko biyar kafin shayinsa ya huce. Shi kuwa wanda aikin zaɓen ke wuyansa, koci ne ko wakilin da aka tura ƙauyuka neman yara, ba a cika jin muryarsa a wurin ba. Yana gida da littafinsa, ko yana bakin fili.

Daga littafin aikin yake farawa. Koci mai lura yakan rubuta kowace ƙwallon da aka zura wa ƙungiyarsa: ta wane gefe ta biyo, a minti na nawa, daga kwana ce ko daga harin ba-zata. Idan ya tattara ya ga galibinsu ta hagu suka shigo, to buƙatarsa lamba uku ce, wato ɗan bayan hagu. Idan ta tsakiya ake keta su, musamman bayan minti 70, lamba shida ya rasa, ɗan tsakiyar nan mai tsayawa gaban 'yan baya yana tare hanya, wanda ba a rera masa waƙa. Sau da yawa lamba taran da ake zagi ba shi da laifi, ƙwallo ce ba ta isa gare shi. Don haka kafin ya kalli yaro ko ɗaya, ya riga ya san ramin da zai cike.

Kayan aikinsa ba su da yawa: littafi da biro, usur, agogon waya, ƙwallaye biyu ko uku, sai 'yan robobin alama, in babu su a ɗebo duwatsu ko a jera takalma. Yakan iso tun kafin la'asar, domin wasa ba shi ne farkon jarrabawa ba. Yana ganin wanda ya zo da wuri ya fara ɗumama jiki ba tare da an ce masa ba, da wanda ya jingina da babur yana danna waya sai an busa usur.

Inda yake tsayawa ma ilimi ne. 'Yan kallo sukan taru a gefen tsakiyar fili, shi kuwa sai ya zagaya bayan raga, ko ya hau ɗan tudu a kusurwa. Daga can ake ganin faɗin fili, da tazarar da ke tsakanin 'yan wasa, da giɓin da ya buɗe da wanda ya hango shi. Abin da ya fi wuya, wanda sai an shekara ana horar da ido, shi ne ƙin bin ƙwallo da kallo. Kowa idonsa na kanta. Shi zai zaɓi yaro ɗaya ya kafa masa ido na minti goma, ko da ƙwallon tana can ɗaya ɓangaren.

Me yake nema? Na farko waige. Kafin fasin ya iso, shin yaron ya juya kai ya duba bayansa? Wanda ya waiga ya san inda zai kai ƙwallo tun ba ta zo ba, wanda bai waiga ba sai ta zo ƙafarsa yake fara tunani, kafin ya gama an ƙwace. Koci yakan ja ɗan layi a takarda duk lokacin da yaro ya waiga. Na biyu tarba, wato taɓawar farko. A filayenmu, da hunturu ƙasa takan bushe ta yi tauri, ƙwallo ta riƙa tsalle yadda ta ga dama a kan tsakuwa. Yaro mai baiwa yana sassauta ƙafa ya ja ta baya kaɗan yayin da ƙwallon ta taɓa ta, sai ƙarfinta ya mutu, ta kwanta taku ɗaya a gefen da babu abokin hamayya. Kuma ba ya tarbarta da bayansa ga raga gaba ɗaya, yakan karkata jiki rabi, ido ɗaya ga mai ba shi, ɗaya ga inda za shi. Wanda ya iya wannan a kan tsakuwa, ranar da ya taka ciyawar filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata sauƙi zai gani.

Sai abin da yaro ke yi a 'yan daƙiƙun da ke biyo bayan an ƙwace masa ƙwallo. Wani zai ɗaga hannu yana yi wa alƙalin wasa ƙorafi, wani ya tsaya riƙe da ƙugu, wani kuwa ya juya da gudu kafin ma ihun 'yan kallo ya lafa. A ganina nan ne aka fi gane ɗan wasa, fiye da yanka goma da ke tayar da 'yan kallo tsaye.

Idan yaro ya tsallake wannan, sai a kira shi gwaji. Ana ƙuntata fili, a raba su huɗu-huɗu, a ce kowa taɓawa biyu kawai. Gwanin yanka da ya saba riƙe ƙwallo nan take asirinsa ke tonuwa. Sai a mayar da na dama zuwa hagu, a ga ko ɗayar ƙafar tana aiki ko ta hawa babur ce kawai. Sai gudu: koci ya auna taku talatin, a yi tsere, a huta kaɗan, a sake, a kuma sakewa. Ba wanda ya ci na farko yake dubawa ba, yana duban wanda gudunsa na shida bai yi nisa da na farko ba. Kuma gani ɗaya ba ya isa. Sai ya bi yaron wasan waje, a garin da ake yi masa ihu, ya kuma gan shi ranar da ake cin ƙungiyarsu biyu da nema.

A Ostireliya, inda suke da tasu ƙwallon ta daban wadda ake kamawa da hannu a kuma buga da ƙafa, mutum 18 kowane ɓangare, wannan aikin tsari ne babba. Tun 1986 gasarsu ta AFL ke yin zaɓen matasa kowace shekara, yawanci a watan Nuwamba, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ita ke fara zaɓa. Kafin ranar ana tara yaran a auna gudun mita 20, da tsalle, da tseren kilomita 2, a kuma yi musu tambayoyi, magoya baya na ta musu irin namu kan wa ya dace. Mu nan babu layi. Wanda ya fara gani, ya riga kowa zuwa ƙofar gidan uban yaro, shi ke samu.

Shekaru su ne ƙaya. Tun gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 da Nijeriya ta karɓi baƙunci a 2009, wadda Kano na cikin biranen da aka buga, FIFA ke amfani da na'urar MRI wajen duba ƙashin wuyan hannu, domin idan ya gama haɗewa alama ce an wuce shekarun. A 2016 yara 26 na tawagar Nijeriya suka faɗi wannan gwaji dab da wasan share fage, Nijar kuma ta fitar da ita. Kocin ƙauye ba shi da na'ura. Kamar mai sayen san huɗa ne a kasuwa, ba ya tsayawa kan maganar dillali sai ya buɗe baki ya duba haƙora. Ba zai ce “shekarunka nawa” ba. Zai tambayi yaro wace shekara ya gama firamare, su wa suka yi aji tare, wa yake bi wa, wa ke bi masa, sannan ya je ya tambayi wani dabam. Lissafin yana da amfani har gaba: Ahmed Musa, bayan ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/2010, sai da ya jira ya cika shekara 18 a Oktoban 2010 kafin ya fara buga wa VVV-Venlo ta ƙasar Holan, don dokar FIFA ta hana kai ƙaramin yaro ƙetare.

Matakin ƙarshe a zaure ake yin sa. Koci ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida maigida: “Baba, mun zo ne kan maganar yaronku.” Amsar takan zama tambaya: “To Malam, gonar fa? Karatun fa?” A nan ake daidaitawa: da damina sai an tashi daga noman gero da riɗi, ranar kasuwa babu atisaye, kuɗin mota zuwa wasan waje ƙungiya ce za ta biya, kuma ana idar da magariba yana gida. Idan uba ya amince, koci ya rubuta cikakken sunan yaro da ranar da ya shiga, ya kai a yi masa rajista a hukumar ƙwallo ta jiha. Dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa zuwa ƙetare ga ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23, kuma da wannan rajistar ake neman kason.