Bashin Wanda Aka Kora: Nazari Kan Neman Gafarar Shugabannin Coci

Mu da muka tashi a Fachi mun san bashi tun kafin mu san baƙaƙe. Garin da arzikinsa gishiri ne da dabino, cikinsa yana rataye ga ayarin Abzinawa da ke ratso Tenere bayan kaka. Su kawo hatsi, mu ba su kantu. Wata shekara lissafi ba ya cika, sai a bar saura zuwa baɗi. Kakata takan ce in mai raƙumi ya dawo, ƙofar wanda ke bin sa zai nufa. In ya tsaya tsakiyar gari ya ɗaga murya ya ce "jama'ar Fachi ku yafe mini", kowa zai ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, tunda ba su ke bin sa ba. Amma tiya goman mutum ɗaya tana nan a wuyansa.

Wannan magana ce ta riƙa dawo mini da na zauna karanta yadda shugabannin coci a ƙasashe uku suka nemi gafarar mabiyansu kan zaluncin da aka yi da sunan shugabanci. Na san wani zai ce me ya haɗa ɗan Fachi da coci? Ai Kirista ƴan ƙasarmu ne. Muna aji ɗaya da su a Agadas da Yamai, asibitin Galmi da mishan suka buɗe tun 1950 babu wanda bai san shi ba, kuma ba mu manta da majami'un da aka ƙona a Damagaram da Yamai cikin Janairun 2015 ba. Don haka ba dariya na zo yi wa kowa ba. Abin da ya ja ni shi ne su sun rubuta nasu neman gafarar a takarda, ana iya ɗauka a karanta a auna. Tambayar da na yi wa kowace takarda guda ce: wa take fuskanta? Waɗanda suka rage a kan benci, ko wanda aka fitar ta ƙofa?

Bari mu fara da Amurka. A 1996 wani matashin fasto mai suna Mark Driscoll da abokansa suka kafa cocin Mars Hill a birnin Seattle. A hankali ya bunƙasa har ya kai rassa 15, mutane fiye da 10,000 suna halarta duk Lahadi. A 2007 aka kawo shawarar sauya dokokin cocin yadda iko zai taru a hannun ƴan mutane kaɗan da ke kewaye da faston. Biyu daga cikin dattawan ikilisiya, Paul Petry da Bent Meyer, suka nuna ba su gamsu ba. Aka sallame su daga aiki, aka yi musu zaman tuhuma, daga baya aka umarci mabiya su ƙaurace wa Petry. Ku yi tunanin wannan: mutanen da kuke cin abinci tare, ƴaƴanku suna wasa tare, rana ɗaya su daina amsa gaisuwarka don an faɗa musu daga sama. A daidai lokacin ne Driscoll ya kwatanta cocinsa da motar safa, ya ce duk wanda ya tare hanya za a taka shi, kuma gawarwaki za su taru a bayanta.

Shekara bakwai ana tafiya haka. A 2014 abubuwa suka fara fitowa, ciki har da kuɗin coci sama da dalar Amurka 200,000 da aka kashe don a cusa littafin faston cikin jerin waɗanda suka fi kasuwa. A watan Yuli ya yi wa mabiyansa jawabi ta bidiyo, ya nuna yana son sulhu, amma wai da yawa daga masu ƙorafi sun ɓoye sunansu, bai san da wa zai sasanta ba. Haba! Mutanen da kai ka kora, ka ce ba ka san su ba? Tsofaffin mabiya suka buɗe shafi a Facebook, suka kuma fito gaban cocin ranar 3 ga Agusta ɗauke da alluna masu cewa ga mu, da sunayenmu. A tsakiyar Oktoba ya ajiye aiki. Takardarsa ta amsa girman kai da saurin fushi da danniya, wato halaye. Hali kuwa ba shi da ƙofar gida da za a je a ƙwanƙwasa. A 2016 ya buɗe sabon coci a jihar Arizona.

Takardar da ta fi burge ni wata ce daban. Ranar 2 ga Nuwamba 2014, mutum 18 daga cikin waɗanda suke dattawa a 2007 suka sa hannu kan wasiƙar amsa laifi, suka buɗe ta da sunan Meyer da Petry kafin su ambaci ikilisiya. Sun faɗi abin da suka yi ɗaya bayan ɗaya: yadda aka gudanar da tuhumar, hukuncin da suka goyi baya, ƙauracewar da suka bari ta tsaya. Mu masu Hausa mun san darajar wannan, don harshenmu yana da wata ƴar kalma mai ɓoye mai laifi, wato "an". An yi kuskure, an saɓa, an wuce gona da iri. Wa ya yi? Oho. Waɗannan 18 sun ce "mun", sun kuma juya fuska ga mai bin bashi.

Duk da haka ba zan bar su su wuce haka nan ba. Kwana biyu kafin wasiƙar, ranar 31 ga Oktoba, an riga an sanar cewa cocin zai watse a ƙarshen shekara. Faston da ake tsoro ya tafi, kujerun da ake karewa sun karye. Gaskiyar da za ta ci wa mutum aikinsa a 2007, a ƙarshen 2014 ta yi araha. Ba na cewa wasiƙar banza ce, don wanda aka ɓata wa suna yana buƙatar a wanke shi ko bayan shekara nawa ne. Sai dai akwai ƙamshin ihu bayan hari a jikinta.

Mu dawo nahiyarmu, inda laifin ya fi ƙarfin korar mutum daga aiki. A Ruwanda, cikin kwana 100 na 1994, an kashe mutane wajen 800,000, akasarinsu Tutsi. Dubbai sun gudu cikin majami'u suna zaton nan ne ba za a taɓa su ba. A Nyange, ranar 16 ga Afrilu, katafila ta rushe ginin coci a kan mutane aƙalla 1,500, kuma kotun duniya da ta zauna a Arusha ta samu fadan wurin, Athanase Seromba, da hannu a ciki: shekara 15 a 2006, sannan ɗaurin rai da rai a 2008 bayan ɗaukaka ƙara. Kafin wannan, babban bishop na Kigali, Vincent Nsengiyumva, ya yi shekaru a kwamitin ƙoli na jam'iyya mai mulki. Ke nan batun ya taɓo har saman shugabanci.

Sai ranar 20 ga Nuwamba 2016, bayan shekara 22, bishop-bishop na Katolika a ƙasar suka fitar da takardar neman gafara don a karanta a majami'u. Ta nemi gafara saboda ƴaƴan coci da limamai da suka shirya kisa, suka taimaka, ko suka kashe da hannunsu. Amma ta haɗa da cewa cocin kansa bai aiki kowa ya yi ɓarna ba, kuma ba ta kama sunan kowa ba. Gwamnatin Ruwanda ta ce takardar ta gaza ƙwarai, ta ce neman gafara a madadin wasu mutane marasa suna tamkar wanke cocin ne gaba ɗaya, ta kuma yi ƙorafin cewa wasu limaman sun ƙi karanta ta. Gwamnatin tana da siyasarta, wannan ba a musu, amma a nan ta taɓa inda ke ciwo. Ka ɗauka matar da ta rasa iyalinta a Nyange tana zaune ranar, in ma har yanzu tana iya shiga coci. An karanta mata magana ɗaya da wanda ke zaune kusa da ita, wanda wataƙila shi ya riƙe adda. A Maris 2017 Paparoma Francis ya karɓi Shugaba Paul Kagame a fadarsa, ya roƙi gafarar Allah kan zunuban cocin da na ƴaƴansa. Ya ƙara taku ɗaya, tunda ya sa cocin kansa cikin lissafi.

Na ukun shi ya fi ba ni haushi, don yawancin masu bin bashin ƴan Afirka ne, neman gafarar kuma a Landan aka yi shi. John Smyth babban lauya ne a Ingila da ke jagorantar sansanonin matasa Kirista. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya riƙa dukan yara maza da sanda har jini, wai horon ruhu ne. Tun 1982 wasu limaman cocin Ingila suka samu rahoton abin a rubuce, suka rufe. A 1984 ya koma Zimbabuwe ya buɗe sababbin sansanoni, inda a 1992 aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a wurin ninƙaya. Ya mutu a Afirka ta Kudu a 2018 ba tare da an hukunta shi ba. Rahoton Keith Makin da ya fito ranar 7 ga Nuwamba 2024 ya ƙiyasta waɗanda ya cuta kamar 30 a Ingila, wajen 85 a Afirka. Wato an san maciji ne, aka buɗe masa ƙofar gidan maƙwabci.

Kwana biyar bayan rahoton, shugaban cocin, Justin Welby, ya sanar da murabus, ya ce ya ɗauki alhakin abin da ba a yi ba tun 2013 da labarin ya iso teburinsa. A nan dai an biya wani abu: kujera ta tafi. Amma a jawabinsa na ban kwana a majalisar dattawan Birtaniya cikin Disamba sai ya shiga barkwanci kan faɗuwarsa, har washegari ya sake neman gafara kan jawabin. Ko a ranar tafiya, idonsa na kan abokan zamansa na majalisa. Yaran Zimbabuwe, waɗanda yanzu magidanta ne, suna can nesa da zauren.

Wani abokina da ya karanta wannan rubutu kafin a kai shi wurin kwafi ya ce na cika tsanani. A cewarsa ikilisiya ma an cuce ta, tunda da kuɗinta da sunanta aka yi aikin, don haka tana da haƙƙin a roƙe ta. Gaskiya ne, na yarda. Ya ƙara da cewa in aka tsananta wa mai neman gafara, gobe babu shugaban da zai sake buɗe baki. Nan ne muka rabu. Neman gafarar da ba ya jure tambaya, to dama neman tafi ne. Addinan biyu ma ba su sassauta ba a nan. Malamanmu sun koya mana cewa tuba kan haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko shi da kansa ya yafe, shi ya sa a wurin jana'iza ake tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi. Kirista kuma suna da labarin mai karɓar haraji a Linjilar Luka, wanda tubarsa ta zo da alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Akwai kuma wani abu: jama'ar da ta yi biyayya ta daina gaida wanda aka kora, ita ma tana cikin masu biya. Shugaba ya roƙe ta, ta yafe masa, sun wanke juna ke nan, mai kaya yana waje.

To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shekarar da na shiga lise, muna da wata ƙungiyar ɗalibai ƴan yankinmu, kowa yana zuba dala ashirin duk wata don taimakon wanda ya kamu da ciwo ko kuɗin mota ya yanke masa. Ma'ajiyarmu ta tambayi shugaba inda jika talatin suka shiga. Cikin mako biyu aka ce ba ta da kunya, aka ce turo ta aka yi ta raba kanmu, aka cire ta. Ni ma na ɗaga hannu ranar. A taron ƙarshen shekara shugaban ya miƙe, murya na rawa, ya ce shi ɗan Adam ne, duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa don Allah. Muka tafa, wasu har da hawaye. Ita ba ta wurin, babu wanda ya gayyace ta, babu wanda ya ambaci jika talatin.

Gobe wasunmu za su riƙe ƙungiya, wasu kwamitin masallaci ko na coci, wasu ofis. Ranar da wani zai miƙe gabanmu ya ce a yafe masa, kafin mu ce amin mu waiga mu ga wa babu a ɗakin, mu tambaya ko an je ƙofarsa. Ni dai na samu lambar ma'ajiyarmu watan jiya wurin wata ƴar ajinmu. Na kira sau biyu, ba ta ɗauka ba, kuma tana da ikon ƙin ɗauka. In an yi hutu zan je gidansu da ƙafata.