Dokar Riƙe Nas Ba Ta Isa Miga Ba

Mai karatu, ka taɓa kwana jinya a asibitin gwamnati? To ka san yadda ake: ƙarin ruwan da aka ɗaura wa mara lafiyarka ya ƙare da tsakar dare, ka fita neman nas, ka tarar ita kaɗai ce a ɗakin, tana kan wani da ya fi naka galabaita. Mukan ce ba ta da kirki, alhali lissafi ne ya fi ƙarfinta.

An auna wannan lissafin. A 2002, Linda Aiken da abokan aikinta sun bincika asibitoci 168 a jihar Pennsylvania ta Amurka. Sun gano duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa nas, haɗarin mutuwar waɗanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 na ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: nas ce ke fara ganin numfashi ya canza ko jini ya ɓalle. Idan hannunta ya cika, sai ta gani a makare. Shi ya sa jihar Kalifoniya ta yi doka a 1999, wadda a yau ta hana a bai wa nas ɗaya fiye da mutum biyar a ɗakin kwanciya na gama-gari.

Mu fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ba ta faɗi marasa lafiya nawa nas ɗaya za ta riƙe ba. Sai a Fabrairun 2024 hukumar NMCN mai kula da aikin jinya da ungozoma ta fito da ƙa'ida: sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance mata takardun fita waje. Nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Na fahimci damuwar hukumar, don kuwa ana ta tafiya Ingila da Saudiyya. Amma a ganina an bar jaki ana dukan taiki. Irin wannan ƙa'ida tana iya tsare nas a Najeriya, amma ba ta ce mata ta je Miga ba. Wadda aka hana tafiya Landan, a Kano ko Abuja za ta zauna. Ita kuwa mai naƙuda a ƙauyen Miga, a shekarar ambaliya irin ta 2022 da kogin Haɗejiya ya shanye hanyoyi, ko kai ta asibitin Jahun, inda ƙungiyar MSF ke taimakon masu haihuwa tun 2008, sai an sha wuya. Buƙatarta ma'aikaciya a kusa da gida.

Kada ka ce to a kwafo dokar Kalifoniya kawai. Dokar adadi ba tare da nas-nas ɗin da za su cike shi ba, takarda ce. Nan ne tallafin ɗalibai ya shigo. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ɗaukar ɗalibai 'yan karkara, domin su suka fi komawa aiki a karkara. An ma gwada a Jigawa: shirin Women for Health da ya fara a 2012 ya riƙa yi wa 'yan matan ƙauye shekarar share fage, su cike darussan kimiyya su shiga makarantun jinya da ungozoma irin ta Birnin Kudu. Matsalar ita ce kuɗin Birtaniya ne, kuma shirin ya ƙare. Abin da ke cikin doka shi ke daɗewa.

Saboda haka idan ɗan majalisar jiharku ya zo neman ƙuri'a, tambaye shi abu biyu. Yaushe za a rubuta a doka marasa lafiya nawa nas ɗaya za ta riƙe? Kuma 'yan Miga nawa dokar za ta ɗauki nauyin karatunsu duk shekara, da takardar ɗaukar aiki ranar da suka gama?