Talakan Fim Da Shaddar Gezna

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a finafinanmu na Hausa, watau suturar talaka. Sai a nuno ɗalibi wai ya kasa biyan kuɗin makaranta, alhali yana sanye da gezna, shaddar da ake saƙawa a Ostiriya. Haba jama'a! Wa zai yarda da yunwarsa? Mu da muka san hanyar Ƙofar Wambai, gwanjo muke zaɓa, tela ya rage, a sa sitati. Tsohuwar shadda kuwa a sake rina ta, mabuga su fito da ƙyallinta. Ni rigata ta Sallah sau biyu tana shiga rini, ba wanda ya gane. Wannan dabara ban taɓa ganinta a fim ba.