Masu Kasa Kunne ga Rediyon Duniya

A ƙarshen watan Agusta na 1939, ana saura 'yan kwanaki Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, gidan rediyon BBC ya buɗe wani sashe da gwamnatin Birtaniya take matuƙar buƙata, wanda aikinsa ya saɓa wa abin da aka san gidan rediyo da shi. Gidan rediyo magana yake yi, jama'a su saurara. Su kuwa ma'aikatan wannan sashe shiru aka ɗauke su su yi. Su kasa kunne ga abin da Jamus da Italiya da sauran ƙasashe suke faɗa a tashoshinsu, su rubuta, su fassara, su miƙa wa hukuma tun da zafinsa. An fara tara su a wani gida da ake kira Wood Norton, kusa da garin Evesham. A 1943 suka koma Caversham Park, kusa da Reading, inda suka zauna har 2018 kafin a mai da su Landan. Sashen shi ne BBC Monitoring, kuma yana nan yana aiki har yau.

Amurka ta bi sahu a watan Fabrairu na 1941 da nata ofishin, wanda daga baya aka fi sani da FBIS, ya kuma koma ƙarƙashin hukumar leƙen asiri ta CIA a 1947. Bayan yaƙin ofisoshin biyu suka raba duniya tsakaninsu, kowa ya saurari ɓangaren da kunnensa ya fi kaiwa, sannan su yi musayar abin da suka samo.

Kada mai karatu ya ɗauka satar ji ake yi. Ba a fasa akwatin sirrin kowa, ba a ɗana wa wayar kowa tarko. Abin da wata gwamnati ta faɗa a bainar jama'a, ta bakin rediyonta da talabijin da jaridunta, shi ake tattarawa. Duk mai akwatin rediyo zai iya jin sa. Gwanintar tana wajen yadda ake ji, kuma ita ce ta sa nake ganin girman waɗannan mutane.

A dubi mai sauraro ɗaya a zamanin yaƙin. Yana zaune cikin dare, abin sauraro a kunnuwansa, fensir a hannu. Injiniya ya riga ya kamo masa tashar ta dogayen eriyoyin da aka kafa a fili nesa da hayaniyar gari. Gajeren zango kuwa ba ya da alƙawari: murya ta taso, ta nutse cikin ƙugi, wata tasha ta hau kanta, wani lokaci ma abokan gaba ne suke toshe ta da gangan. Yana ji yana rubuta kanun maganar, a gefe kuma wata na'ura tana naɗar muryar a kan wani ɗan bututu na kaki, wanda ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci sai a sauya wani. Ana gama labaran zai koma kan bututun, ya sake ji, ya mai da baya, ya sake ji, har jimlar da ta ɓuya ta fito. Sai ya yanke hukunci nan take: wannan a fassara shi kalma bayan kalma, wancan a taƙaita, wannan kuma ba zai jira gari ya waye ba, a aika shi yanzu. Da yawa daga cikin masu wannan aiki 'yan gudun hijira ne daga Turai. Muryar waɗanda suka kore su daga gidajensu suke saurare dare da rana, kuma dole su fassara ta ba ƙari ba ragi.

Nan amanar take. Tafintan da yake tsakanin mutum biyu a kasuwa ko a fada yakan rage zafin magana don a rabu lafiya. Mai sauraron rediyo ba shi da wannan dama. In mai magana ya yi ƙarya, ƙaryar zai rubuta yadda aka faɗe ta, domin gwamnatinsa tana son sanin irin ƙaryar da aka zaɓa a yi yau. In an yi zagi ya kawo zagin, in an yi kwana-kwana ya kawo kwana-kwanar, kada ya miƙar da maganar da mai ita ya karkata da gangan. In kuma ƙugi ya cinye wata kalma, sai ya rubuta cewa ba a ji ta ba, ko da hankalinsa ya ba shi abin da aka ce. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ta fi burge ni. Mutumin da ya san harshe ƙwarai yakan so ya cike gurbi, hana kai yin haka kuwa sai wanda ya horu.

Amma sanin harshe rabin aikin ne kawai. Ɗaya rabin shi ne sanin al'adar tashar, wato abin da ta saba yi kullum, ta yadda ranar da ta saɓa za ka ji a jikinka. A daren 1 ga watan Mayu na 1945, rediyon Jamus ya shaida wa masu sauraronsa cewa wata muhimmiyar sanarwa tana tafe, sai ya saki kiɗa. Cikin ma'aikatan Caversham akwai Ernst Gombrich, haifaffen Biyana, wanda daga baya ya yi suna a fagen tarihin zane-zane. Ya gane kiɗan: wani sashe ne mai sanyi na waƙen Anton Bruckner na bakwai, wanda ake dangantawa da makokin Richard Wagner, makaɗin da Hitler ya fi ƙauna. Gombrich ya ce lalle mutuwar Hitler za a sanar. Haka kuwa aka yi, kuma ta hannun Caversham labarin ya isa ga Firayim Minista Churchill. Babu ƙamus ɗin da zai koya wa mutum wannan. Sai wanda ya tashi cikin al'adar, ya kuma daɗe yana jin tashar.

Mu nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi wayo a zamanin mulkin soja ya san abin da ake nufi in aka wayi gari rediyo ya daina shirye-shiryensa ya koma kiɗan badujala. Haka aka yi ranar 13 ga Fabrairu 1976, da aka kashe Janar Murtala Muhammed, haka kuma ranar 31 ga Disamba 1983, da aka ji muryar Birgediya Sani Abacha. Tun kafin a ce uffan, mutane sun fara kiran 'ya'yansu gida. Abin da dattawanmu suke yi a irin wannan safiya, shi mai sauraro yake yi kowace rana, a kan ƙasar da watakila bai taɓa taka ta ba.

Zamanin Yaƙin Cacar Baka ne aikin ya kai ƙololuwarsa, domin a lokacin Tarayyar Sobiyet da Sin ƙasashe ne da ba a shiga a yi tambaya, amma kafofin labaransu ba sa furta kalma sai da izini. Saboda haka kowace kalma tana da nauyi. Sunan wa aka fara kira a jerin manya? Wa aka daina ambata? Wane kirari aka ƙara wa shugaba, wanne aka janye? Masu nazarin FBIS suna cikin waɗanda suka fara lura cewa zumuncin Mosko da Beijin ya fara tsami, tun ƙasashen biyu suna rantsuwa a fili cewa su 'yan uwan juna ne. Jaridun Sin sai su yi ta caccakar Yugoslabiya, alhali Mosko suke nufi. Mosko kuma ta juya ta caccaki Albaniya, alhali da Sin take. Habaici ne irin na kishiyoyi a tsakar gida, a zagi kaza don maƙwabciya ta ji. Wanda bai san gidan ba zai ɗauka da kazar ake.

Akwai kuma ranar da shugabanni da kansu suka jingina da waɗannan mutane. A watan Oktoba na 1962 duniya ta kai bakin yaƙin nukiliya saboda makamai masu linzami da Sobiyet ta girke a Kyuba. Wasiƙar da ta bi hanyar jakadanci takan ɗauki sa'o'i da yawa, a rufe ta da lambobin sirri, a aika, a warware, a fassara. Ranar 28 ga wata shugaban Sobiyet Khrushchev ya ga babu wannan lokaci, sai ya sa aka karanta amsarsa ga Shugaba Kennedy a Rediyon Mosko, cewa zai kwance makaman ya mai da su gida. Ya yi haka ne don ya san akwai masu ji. Suka kuwa ji, suka fassara, saƙon ya isa Fadar White House ta waya kafin takardar jakadanci ta iso. A yi tunanin wanda yake riƙe da fensir a wannan lokaci, da abin da kuskuren kalma ɗaya zai jawo. A shekarar da ta biyo baya ne ƙasashen biyu suka kafa layin sadarwa na kai-tsaye tsakaninsu.

Ba duba suke yi ba, kuma bai kamata a ɗora musu abin da ba su yi ba. Rahoton nazari na farko da ofishin Amurka ya fitar ranar 6 ga Disamba 1941 ya lura cewa harshen rediyon Tokiyo ya yi kaushi, ya daina kiran zaman lafiya. Washegari Japan ta kai hari Pearl Harbor. Rahoton bai faɗi wuri ba, bai faɗi rana ba. Abin da kunne ya ji ya faɗa, ya tsaya nan.

Yau bututun kaki ya zama tarihi, kaset ma haka. FBIS ta sauya suna a 2005 ta shige cikin sabon tsari, aikin kuma ya faɗaɗa zuwa tashoshin tauraron ɗan'adam da intanet da shafukan sada zumunta. Da can neman murya ake yi cikin ƙugi, yanzu muryoyin ne suka yi yawa. Kwamfuta tana iya rubuta jawabi ta fassara shi cikin daƙiƙoƙi, kuma wannan taimako ne babba. Sai dai ba ta san al'adar tasha ba: ranar 19 ga Disamba 2011, da mai karanta labarai Ri Chun-hee ta bayyana a talabijin ɗin Koriya ta Arewa cikin baƙaƙen tufafi, ita da aka fi sani da riga mai ruwan hoda, wanda ya saba kallon tashar ya san an yi babban rashi kafin ta ambaci sunan shugaban ƙasar, Kim Jong-il.

Ƙasar Hausa cike take da masu harsuna biyu da uku. Akwai mai Hausa da Faransanci da Zabarmanci, akwai mai Larabci da Barbarci, akwai mai Fillanci da Ingilishi, kuma mu mutane ne da suka shaƙu da rediyo tun BBC ta fara magana da Hausa a 1957. Maƙwabtanmu na Sahel suna magana kullum a tashoshinsu, kan tsaro da iyaka da kasuwa, abin da ya shafe mu kai-tsaye. Ina kira ga jami'o'inmu da gidajen jaridunmu su ɗauki wannan sana'a da muhimmanci, su horar da matasan da za su zauna su saurara, su rubuta abin da aka faɗa daidai yadda aka faɗe shi, su kuma adana shi don gobe.