Waiwaye da Tawakkali a Cikin Shaihu Umar

Littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa yana cikin ƙagaggun labaran da gasar 1933 ta haifar. Manazarta sun fi karkata ga jigon bauta, alhali zubinsa na waiwaye ne: dattijon malami a Rauta, kusa da birnin Bauchi, yana labarta wa almajiransa rayuwarsa tun daga Kagara. Abin lura shi ne, ba ya cizon yatsa. Rabuwa da mahaifiya, da rasuwarta jim kaɗan bayan sun sadu, duk ƙaddara ce a bakinsa. Amma wahalar da ta sha wajen nemansa, wadda bai gani da idonsa ba, ita ya fi zayyanawa da zafi. A nan marubucin ya adana baƙin cikin da tawakkali ya hana tauraronsa furtawa.