Ikilisiyar Unguwa da Sauyin Zamani: Nazari kan 'Yan Katolika a Arewacin Kogin Kaduna

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu yi sharhi a kan yadda aka saba ba da tarihin ɗarikar Katolika a Kaduna. Mun lura hanyoyi biyu ne aka fi bi. Ta farko ita ce ta littattafan bikin cika shekaru, inda ake jera sunayen bishop-bishop da ranakun aza harsashin gini. Ta biyu kuwa ta masu nazarin rikici ce, waɗanda ke cewa kogi ya raba gari biyu, arewa ta Musulmi, kudu ta Kirista. Ra'ayinmu shi ne duka biyun sun tsallake ikilisiyar unguwa, watau jama'ar da ke taruwa ƙarƙashin fada guda a majami'a guda, alhali a nan ne sauyin zamani ya fi barin sawunsa.

Ikilisiyar baƙi

Kaduna gari ne na Turawa. Reluwe da bariki da ofisoshi ne suka haife shi, kuma a 1917 hedikwata ta taso daga Zungeru ta dawo nan. Limaman ƙungiyar SMA, yawancinsu mutanen ƙasar Ailan, sun tarar da mabiya waɗanda aiki ya kawo: akawuna da ma'aikatan jirgin ƙasa da 'yan kasuwa, galibinsu daga Kudu, musamman Ibo. A kansu aka gina tsarin da ya zama yanki mai cin gashin kansa a 1934, dayosis a 1953, sannan babban dayosis a 1959 a ƙarƙashin John McCarthy. Babbar majami'ar St. Joseph da kwalejin St. John duk a arewacin kogi suke, don a can gwamnati take.

Masu jerin sunaye sukan nuna wannan zamani kamar hawan tsani, mataki bayan mataki. Abin da ba su faɗa ba shi ne, ikilisiyar da ta dogara ga ma'aikacin da ake yi wa canjin wurin aiki, ƙafarta ɗaya kullum a tasha take. Tarzomar 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun tabbatar da haka, domin Ibo sun koma gida, kujeru suka zama wayam.

Sauyin harshe da sauyin hannu

Waɗanda suka cike gurbin su ne mutanen kudancin Zariya da Filato da Binuwai, waɗanda aikin soja da na gwamnati da masaƙun Kakuri suka jawo. Wannan ya zo daidai da Babban Taron Vatikan na Biyu, na 1962 zuwa 1965, wanda ya buɗe ƙofar yin sujada da harsunan jama'a maimakon Latin. To, Bajju da Atyap da Adara da Tibi ba su da harshen da ya haɗa su sai Hausa. Ta haka Hausa ta zama harshen wa'azi da waƙa, ƙungiyar Zumuntar Mata ta zama ginshiƙin ziyarar marasa lafiya da taimakon masu makoki. Da Ibo suka dawo bayan yaƙi, sai majami'u da yawa suka raba lokacin sujadar Lahadi, wani da Turanci, wani da Hausa.

A farkon shekarun 1970 gwamnatin jiha ta karɓe makarantun mishan, St. John ta koma Kwalejin Rimi. A 1975 Peter Yariyok Jatau, ɗan kudancin Zariya, ya gaji McCarthy. Marubuta sukan ɗauki wannan naɗi a matsayin mafarin komawar ɗarikar hannun 'yan ƙasa. Mu kuwa muna ganin naɗin ya bi sawun abin da ya riga ya faru a kan kujerun majami'a ne. Ko ziyarar Paparoma John Paul na Biyu a Fabrairun 1982, lokacin da ya naɗa limamai a Dandalin Murtala, jama'ar da ta sauya kama ce ta tarbe shi.

Ikilisiyar da jama'arta suka ƙaura

Dokokin ɗarikar na 1983 sun tanadi cewa, bisa ƙa'ida, ikilisiya ta yanki ce, ta ƙunshi duk mabiyan da ke zaune cikin iyakarta. Rikicin Shari'a na Fabrairu da Mayu 2000, da na gasar sarauniyar kyau a Nuwamba 2002, da na bayan zaɓe a Afrilu 2011, sun girgiza wannan ƙa'ida. Kiristoci da yawa sun bar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka koma Sabon Tasha da Narayi da Unguwar Romi da Gonin Gora, Musulmi kuma suka yi ƙaura ta kishiyar hanya. Gini dai ba ya ƙaura. Sai aka sami majami'ar da wasu jama'arta ke haye gada kafin su iso ta, alhali maƙwabtanta na kusa ba mabiyanta ba ne.

Sakamakon wannan ba ƙarami ba ne. Koyar da yara da yamma, da taron addu'a gida-gida, da kai wa tsoho ziyara, duk ayyuka ne da ke bukatar kusanci. Haka nan gaisuwar Salla da ta Kirsimeti tsakanin maƙwabta, wadda ba a rubuta ta cikin kundin kowace majami'a ba, amma ita ce ta sa limamin masallaci ya san fada da suna.

Duk da haka, a nan ne muka rabu da masu cewa arewa ta zama ta Musulmi zalla. Barikokin soja, da Makarantar Horon Hafsoshi da aka kafa a 1964, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha, da kasuwa, sun riƙe mabiya da dama a wannan ɓangare. Ranar Lahadi 28 ga Oktoba 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari da mota majami'ar St. Rita a yankin Badarawa, ana tsakiyar sujada. Mutanen da suka mutu da waɗanda suka ji rauni a ranar, a arewacin kogi suke ibada. Taswirar da ta shafe su ta yi musu rashin adalci, ta kuma ƙarfafa masu son ganin rabuwar ta tabbata.

Kammalawa

Littafin Matthew Hassan Kukah na 1993 ya yi bayanin dangantakar addini da mulki a Arewa, amma tarihin talakan majami'a yana nan yana jiran marubuci. Muna ba da shawara ga 'yan'uwa malamai da su tura ɗalibai su duba rajistar baftisma da ta aure, inda sunaye da garuruwan asali za su nuna wa ya zo, yaushe, kuma yaushe ya tashi. A kuma ɗauki maganar dattawan Zumunta da malaman koyar da addini, tare da ta maƙwabtansu Musulmi, tun suna raye. Da sauran waɗanda suka ga 1966 da idonsu, amma kullum raguwa suke yi.